Uwar Kanta

Da asuba na taka kunyar shinkafata,
jar ƙasa ta burma da ni har gwiwa.
Ruwan da na tare jiya da yamma
ya sulale ta ramuka, ya koma gonar Ratsimba.

Na zura hannu, ta dantse ni.
Ga ta: baya dabbare-dabbare kamar gashin zabo,
ƙwai cunkus a ƙarƙashin wutsiya.
Foza orana muke ce mata a tuddan Madagaska.

Ɗana Tsiresy, mai karatu a Antananarivo,
ya ce a akwatin gilashi ta tashi, can Turai,
ana kunna mata fitila, ana barbaɗa mata abinci,
yara na manna hanci suna kallo.
Wani ya saya, wani ya ba wani kyauta,
wani ya gaji ya juye ta a magudana.
Tsakanin hannunsa da kunyata akwai teku.
Ban san wanda ya biya mata kuɗin jirgi ba.

Ya ce ba ta da namiji.
Na yi dariya har shebur ya suɓuce mini.
Ya rantse da kabarin kakanni:
kowacce uwa ce, kowacce hoton uwarta,
ɗaya tak ta isa ta cika kwari.
Ni da na binne miji shekara tara
na san aikin da mace ɗaya ke iya yi,
amma ban taɓa haifar kaina ba.

Ƙananan kifayen da muke tsinta bayan girbi
sun yi wuyar gani.
Jatan landen ƙoramun daji, na iyayenmu,
mai girma sannu-sannu,
Tsiresy ya ce shi yake ji wa tsoro.

To, ranar kasuwa na cika kwando biyu.
Voahangy ta saye, ta tafasa da gishiri,
masu jan amalanke suka yi layi.
Kuɗin ya sayi littafin jikata da man fitila.
Daren nan ita muka ci
da shinkafar da ta bar mana.
Miora ta tsotse ɓawo ta ce, "Kaka, gobe ma."

Gobe ma mana.
Ban ce mata na tsani abin da ke tukunyar ba,
ni ma ban tabbata ba.
Na kwaɓa laka, na toshe rami goma sha ɗaya.
Ina wanke hannu
na ji ƙasa tana motsi
a ƙarƙashin diddigena.