Yaren Matattu

Na sauka tashar Auyo da azahar,
jakata ɗaya, rabinta ƙamus.
Ɗan acaɓa ya ɗaga, ya yi nishi:
"Malam, dutsen niƙa ka sayo a Badun?"
Muka bi ta bakin fadama,
shinkafa ta fara sunkuyawa.

Da dare Baffa Haladu ya sa aka shimfiɗa tabarma.
"To, Nafi'u, digiri na biyu.
Na farkon ya cinye mana bijimi.
Wannan me ake koyarwa?"

Na ce Latin, da Girkancin mutanen dā.
Ya ce, "Su wa ke yin sa?"
Na ce babu kowa.
"A wace kasuwa ake ciniki da shi?"
Na ce kasuwar ta tashi,
shekara dubu da ɗoriya da watsewa.

Ya gyara hula, ya dubi taurari.
"Ɗan Lauratu ya karanci allurar dabbobi,
yanzu ko tunkiya ta yi tari, shi ake nema.
Kai kuwa ka tafi gaida maƙabartar wasu,
ka bar tamu ciyawa na rufewa."

Ban amsa ba. Me zan ce?
Cewa kalma guda kan hana ni barci
saboda wutsiyarta ta sauya?
Cewa wani manomi, can ƙetaren teku,
ya yi kukan tsuntsaye sun cinye masa hatsi,
na karanta, na ji muryar Baffa
lokacin da jan-baki ke saukowa?

Da asuba na bi su gona.
Ina korar tsuntsu, ina jera ƙarshen kalmomi,
gwangwani a hannu, nahawu a baki,
yara na bayana suna kwaikwayo
har cikinsu na ƙullewa.

Iya Tabawa ce ta kira ni ɗakinta.
Idonta ya tafi, kunnenta na nan daram.
"An ce yaren matattu kake koyo.
Zauna. Faɗa mini ruwa da shi."
Na faɗa.
Ta juya kalmar a baki kamar ɓarin goro,
ta ce, "Gajeriya ce. Ba su sha wuyar ɗebowa ba."
Muka yi dariya, sai ta yi shiru,
mazarinta ya daina juyawa.

"Kakata," in ji ta, "ba da Hausa take zagin akuya ba.
Wani yare ne, namu na nan garin.
Da shi take ƙirga ƙwarya,
da shi take rarrashina in zazzaɓi ya kama ni.
Na riƙe muryar, na riƙe warin hayaƙin zanenta,
kalma ko ɗaya ban riƙe ba.
Na sha nema cikin dare,
kamar mai lalube a randa,
hannu ya dawo babu ko jiƙewa."

"Naku matattun sun yi dabara, sun bar takarda.
Namu sun dogara da mu."
Ta lalubo taskira, ta miƙo mini:
"Wannan sutu, wannan abawa, wancan bakan shiɓa.
Tambayi ƙannenka, ka ji ko sun sani.
In ka gama da na Turawan dā,
ka rage mini shafi biyu a baya
kafin su ma su bi kakata wucewa."

Yau saura kwana uku in koma.
Malamina na jiran babi na uku,
ban rubuta ko layi ba.
Littafin da na tanada domin fi'ilan Girkanci
ya cika da sunayen ciyayi da kayan kaɗi,
Iya na faɗa, ina tambayar dogon wasali ne ko gajere,
tana cewa, "Oho, kai ka sani."

Baffa ya leƙo jiya, ya tsaya a bakin ƙofa.
Ya daɗe yana saurare.
Ya ce, "Ba haka ake kiran wannan ciyawar ba."
Ya cire takalmi.
Muka matsa masa wurin zaunawa.