Mujiya a Kan Dutsen Shere

Kangyang ta ɗora majigi a kan buhun dankali,
janareto ya yi tari sau uku, ya kama.
Sai dutsen da na sani tun ina yawo ba wando
ya buɗe ido.

Ruwa ya malalo daga tsagin da awaki ke fakewa,
jajayen kifaye suna hawa, ba sa gangara.
Wai zanen hannu ne, takarda bayan takarda,
tatsuniyar Ainu, inda ƙanƙara ke toshe ƙofa.

Da mujiya ta baje fiffike, gabas har yamma,
Inna Ladiyo ta tofa a ƙirji, ta janyo jikanta:
"Wa ya gayyato wannan?"
Kangyang ta ce, "Inna, a can ita ce mai gadin gari,
takan kwana a farke don mutane su runtsa."

Inna ba ta tanka ba. Sanyi yana cizon kunne.

Mai ya ƙare. Dutse ya koma dutse.
Muna gangarowa da fitilar waya
ta gaske ta yi kuka a bishiyar turare.
Yaron ya duƙa neman tsakuwa,
Inna ta riƙe masa hannu.