Hannun Hagu

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
haka ma zarton gidan katako
ranar Talatar da ya ɗauke wa babana, Eleuterio,
yatsu uku na dama.

Da yamma shugaban aiki ya zo,
ya ajiye ambulan mai ƙiba kusa da butar shayi.
"Ka ce a gida ne, wajen faskare.
Kowa ya huta."
Mama ta ɗaga ambulan da yatsu biyu
kamar mushen ɓera,
ta miƙa masa abinsa.

Sai zaman benci.
Ofishin inshora, lamba arba'in da ɗaya,
likita mai awon ƙarfin damƙa,
da Nahuel, wanda ya zo shaida
alhali ya san ana ƙirga masa kwana a wurin aiki.
Suka rubuta rashinmu da kashi cikin ɗari.
Kashi nawa ne ɗaure igiyar takalmi?
Kashi nawa ne kiɗan jita ranar Lahadi?

Amma haƙƙi haƙƙi ne, ko ya zo yana ɗingishi:
kuɗin magani, albashin watannin jinya,
da ɗan abin da zai riƙa shigowa.

Dare bakwai yana koyon sunansa da hagu
a gefen tsohuwar jarida.
Ranar sa hannu harufan suka fito a karkace
kamar shingen da iska ta tura.
Ma'aikaciyar ta ce, "Ya isa haka."
Ya ce, "Ban gama ba,"
ya ƙara sunan gidan mahaifiyarsa:
Huenchumán.