Taku Ɗari Shida

Bayan Pitowa, inda Binuwai ke lanƙwasa,
na kwanta rub da ciki, bindigogin aro biyu a gefena.
Can kan suri, gwangwanin madara,
ƙanƙane kamar ƙuda.

Harsashi biyu a tafina.
Siririn ba ya dukan kafaɗa,
ba ya cinye sefar aljihu,
amma iskar kogi kan ja shi kamar akuya a igiya.
Kakkauran ya san hanyarsa,
sai dai tun harbi na biyar
idona ke rufewa kafin yatsa ya taɓa kunama.

Bobbo Hamajoda, shekara talatin yana gadin daji,
ya lashi yatsa, ya ɗaga sama.
"Duk biyun masu ɗura kansu ne, ba sa jiran tunaninka.
Wanne ne ba ka tsoro?"

Na mayar da kakkauran kwali.
Na karkata baki hagu, kaɗan.
Na farko, yashi. Na biyu, yashi.
Na uku, gwangwani ya yi tsalle,
ƙararsa ta iso a makare.

Bobbo bai tanka ba.
Ya tsince kwanson da zafinsu,
wai jikarsa na tara su.