Tari a Cikin Faifai

Shagona bai fi tabarma biyu ba,
a Agege, bayan layin dogo,
inda in jirgi ya wuce
sukurori kan yi rawa a gwangwanin madara.
Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo,
na san muryar da ke ciwo
da wadda tsatsa ce kawai ta shaƙe ta.

Ran Laraba Malama Kande ta zo,
mai koyar da Faransanci a makarantar kan kwana,
da na'urarta da ta daina magana
da faifai guda a jaka.
Ta ce, in ka gyara, gwada da wannan.
Waƙoƙin mutanen Haiti ne, na da can,
wani ya bi ƙauyuka da akwatin naɗar murya
tun kakanninmu na yara.
Yanzu ƙasa ta girgiza da jikokinsu,
sai aka kakkaɓe waƙoƙin ana sayarwa,
a sayi magani, a sayi siminti da ruwan sha.

Na haɗa waya, na hura, na danna.

Farko ƙara ce, kamar yayyafi kan kwano,
kamar ana suya a ɗakin maƙwabta.
Sannan mace ta ɗauko waƙa daga ƙasan ciki.
Ban ji kalma ko ɗaya ba.
Amma na ji taɓarya, na ji turmi na amsawa,
zakara ya yi cara ba a tambaye shi ba,
ta yi tari, ta yi wa tarin dariya,
ta koma inda ta tsaya.

Tarin nan ne ya kama ni.
Mai tarin ta daɗe da zama ƙasa,
tarin bai sani ba.

Iya Abeke mai gasa agada a ƙofata
ta ajiye mafici, ta leƙo.
Ta ce, mayar baya. Na mayar.
Ta ce akwai kalma ɗaya a ciki
da kakarta kan faɗa in tana zuba manja kan ƙarfe.
Ta dubi wajen Badagiri, ba ta ƙara ba.
Agada ta ƙone gefe guda.

Ni ban san Haiti ba.
Teku ma sau biyu na gan ta, duk zamana a Ikko.
Amma na san bene in ya durƙusa.
Na san Ilu, yaron shagona, gwanin dalma,
da ya je kwana wajen abokinsa a Ebute Meta
damina bakwai da suka wuce.
Mun yi tono da shebur, da faranti, da farce.
Wani ya ce a yi shiru.
Mutum ɗari muka riƙe numfashi,
muka kasa kunne ga ƙasa
yadda nake kasa wa rediyo
in ina neman tashar da ta ɓace.
An ƙwanƙwasa sau uku.
Ba a sake ba.

To ashe can haka suke, kunne a ƙasa,
gari guda.

Na ce, Malama, bar kuɗin gyara a hannunki,
ƙara da wannan.
Na zazzage gwangwanin ciniki,
tsofaffin takardu masu warin kifi da gumi.
Ba su kai rabin buhun siminti ba.
Wataƙila ƙusa. To, ƙusa ma gini ce.

Abin da ke ɗaure mini kai har yau,
matar nan dakanta take yi, waƙarta take yi,
ba ta san tana tara wa jikan jikanta kuɗin bulo ba.
Mukan ce wanda ya mutu ya huta.
Ita ba ta ajiye taɓarya ba.

Da magariba wuta ta ɗauke a tsakiyar baiti.
Janaretoci suka tashi layi-layi.
Na zauna a duhu, ban ja nawa ba,
ina ƙarasa waƙar da bakina,
ban san me nake cewa ba,
har na iso wurin tarin.
Na yi tarin.