Baƙin Zare

Shekara tara ina yanke wa Baba Mumuni farce
a bakin rumfarsa ta goro, can Aboabo,
kowace Alhamis kafin la'asar.
Na san hannun nan fiye da hanyar garinmu.

Sai ga zare a babban yatsan dama,
baƙi, siriri, daga tushe har baki,
kamar an ja alƙalami sau ɗaya an ɗauke hannu.
Ya ce ƙofar mota ce ta datse shi a Kejetia.
Na ce to.
Amma ni na san jinin datsewa,
tafiya yake yi da farce,
wata biyar, shida, ya iso bakin almakashina in zubar da shi ƙasa.
Wannan bai je ko'ina ba.
Na yanke, ya fito da shi. Na kankare, yana ciki.
Damina ta wuce, ya kai faɗin ashana,
sannan ya haura katanga ya shiga fata.

Ba ya ciwo, in ji shi,
abin da ba ya ciwo me ya kai shi asibiti?
Na ce Baba, gara ba ta sallama.
Alhamis biyu bai miƙo mini hannu ba.

'Yarsa Abiba ce ta ja shi Komfo Anokye.
Likita ta ɗora madubi mai fitila, ta daɗe shiru,
ta ɗaga farcen kamar murfin tukunya,
ta ɗebi tsoka daidai ƙwayar dawa
ta rufe a kwalba.
Mako uku yana ƙirga goro yana ɓata lissafi.

Da amsa ta zo, suna ne dogo da ya gagari bakinsa,
sai Abiba ta ce, Baba, sankara ce.
Ya ɗago.
Mutumin da ya tsufa yana tsince sankara daga huhun goro
ba a yi masa dogon bayani.
Ya ce, ta shiga sauran?
Aka laluba hammata, aka ciri kaluluwa guda aka duba.
Ba ta shiga ba.
Ya ce, to a fitar da ita da wuri.

Gaɓa ɗaya suka ɗauka.
Da ita yake ɓare goro tun yana yaro,
da ita yake matsa carbi.
Yanzu ƙaramar wuƙa yake ɗaurewa a ƙugu,
duk wata uku ya hau mota a sake dubawa,
yana mitar layi, yana mitar kuɗin kati.

Alhamis ta dawo, ya miƙo hannu.
Na yanke tara.
Na tsaya a wurin na goma, almakashi a buɗe,
ban san inda zan sa idona ba.
Na rage masa kuɗi, ya ƙi,
ya cusa mini sidi biyar da ɓarin goro fari,
ya ce, duba na ƙafa, Idirisa,
kuma kada ka yi sauri.