Kular Ranar Laraba

Ƙanena Genilson a ɗakina yake kwana,
hawa na uku, bayan kasuwar kifi ta Recife,
kan wata katifa da ta yi masa kaɗan.
Shekararsa goma sha bakwai. Ya fi ni tsawo,
amma in barci ya ɗauke shi sai ya dunƙule
kamar mai jiran saukar bulala.

Ranar da Baba ya ga saƙon Edvaldo a wayarsa
ko murya bai ɗaga ba.
Ya zazzage buhun shinkafa a roba,
ya cusa riguna uku da takalmin ƙwallo,
ya ajiye a bakin titi, ruwa na tsuga.
Ya ce, haihuwa ɗaya na yi, mace ce.
Ni ke nan.
Da ni aka soke shi.

Aikin dare nake yi a gidan burodi.
Ƙarfe uku, hannuna cikin ƙullu,
zuciyata na can tana ƙirga masu kaifi:
reza, almakashi, ƙwayoyi nawa suka rage a kwalba.
Na kwashe su, suna cikin jakata.
Ban faɗa masa ba, amma ya sani.
Da safe yakan ce, Jussara, ara mini almakashinki,
ya yanke farce a gabana,
ya miƙo mini da kansa.

Watan jiya aka tsinci Dalva a bakin kwata,
mai gyaran gashi, mai dariya kamar ɓarin kwanuka.
Da aka zo ba da labari
sai aka kira ta da sunan da ta daɗe da ajiyewa,
aka kashe ta karo na biyu.
Muka fito kan gadar Capibaribe, ba mu kai arba'in ba.
Genilson ya rubuta sunanta da bakin man takalmi
a bayan kwalin taliya.
Hannunsa na rawa, kwalin na rawa,
bai sauke ba.
Wani direba ya tofo mana yawu ta taga.
Wata tsohuwa mai sayar da ruwan kwakwa
ta fasa guda shida, ta ce kuɗinku ba ya ci a nan.

A hanyar gida ya tambaye ni,
sai nawa za su mutu kafin a ce ya isa?
Na buɗe baki, babu komai a ciki.
Na saya masa masara gasassa.

Duk Laraba ɗan maƙwabta na kawo kula:
wake, shinkafa, soyayyen garin rogo,
babu takarda, babu gaisuwa.
Gishirin ya ɗan yi yawa, hannun Mama ne.
Mu cinye, mu wanke, mu mayar.
Iyakar zancen da ya rage tsakanin gida biyu
ke nan, kula ta je, kula ta dawo.

Makon jiya mariƙinta ya karye a matakala.
Haka muka mayar da ita.

Yau ta dawo a ɗaure da jar wayar lantarki,
murɗi uku, an lanƙwasa bakin ciki
don kada ya karci mai ɗauka.
Mutum ɗaya na sani a duniya
da ke lanƙwasa bakin waya haka.
Shekara talatin yana yi a bangon mutane.

Genilson ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.
Ya ce, ƙila don hannun Mama ya gyara.
Na ce, ƙila.
Ya ce, ko don yaron da ke kawowa.
Na ce, ƙila.

Ya cinye tas, har ya kankare gindin.
Ya wanke, ya goge, ya kife ta a taga,
mariƙin na kallon titi.

Almakashin na jakata har yanzu.
Laraba saura kwana bakwai.